Kamun Hannun Kawu, Daga Timgad Zuwa Akwatin Sitti

Khumra, Jidda.
Alhamis, 22 ga Zulƙida 1445, daidai da 30 ga Mayu 2024, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma.

Zuwa ga Kawuna Zaharadden ɗan Malam Abduljalil, a Agadas, ta hannun Malam Na'ibi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin sauƙi, ya warkar da abin da ke damun jikinka, ya musanya maka da alheri abin da ka rasa a hanya. Ni ce Zakiya, 'yar ƙanwarka Rabi'atu. Ina rubutun nan a falo bayan la'asar. Malam Na'ibi, maƙwabcinmu na tsohuwar unguwarmu Karantina wanda yanzu yake zaune a unguwar Sa'alaba, zai biyo ya karɓa gobe bayan Juma'a. Jirginsa na Yamai ranar Asabar ne, daga can zai hau mota ya nemo gidan da ka sauka. Kakata Sitti tana gefena tana tsinke lalo, kuma duk layin da na rubuta sai ta tambaye ni ko na faɗa maka mahaifiyarka tana nan da ranta. To, Kawu, na faɗa.

Kowa lafiya, alhamdulillahi. Hawan jinin Umma ya sauka tun ranar Litinin. Abba yana nan a siton da ka san shi, kuma kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya sabunta mana iƙama, takardar izinin zama, a watan Shawwal ba tare da wani ja-in-ja ba. Anti Hafsa ta sauka lafiya, mace, an sa mata Lina. Gwiwar Sitti ce dai ba ta son matakalar gidan nan. Tun ƙaramar salla sau uku kawai ta sauka ƙasa. Har yau idan za ta yi kwatancen wuri sai ta ce bayan masallacin layinmu, ko kusa da mai sayar da waken ful, kamar ba a share Karantina shekara biyu da suka wuce ba. Mun daina gyara mata.

Saƙon muryarka ya shigo wayar Umma ranar Litinin, 27 ga Mayu, ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma na safe, daga lambar da ba mu sani ba. Tsawonsa daƙiƙa arba'in da ɗaya. Tsakaninsa da saƙonka na ƙarshe, na ranar Talata 5 ga Maris, kwana tamanin da uku ke nan, azumi da salla duk a ciki. Umma ta zauna a ƙasan kicin da ludayi a hannu. Sitti ta yi sujada tukuna, sannan ta sa aka maimaita mata saƙon sau tara, daga ƙarshe ta ce muryar ta yi siriri, kuma zamanin nan kowa yana iya kwaikwayon kowa a waya. Mai lambar da muka kira daga baya ya ce kana barci, ya ce hannunka a naɗe yake da bandeji, daga nan layin ya yanke bai ƙara shiga ba.

Babban dalilin takardar nan godiya ce. Kawu, na gama jami'a. Sakamakon ya fito ranar Laraba, 22 ga Mayu, kuma binciken da ka taya ni a kan kufan Timgad na ƙasar Aljeriya shi ne ya fitar da ni. Amma ba ka san abin da awonka ya jawo a gidan nan ba, kuma akwai alkawarin da na yi maka ban cika ba. A ranar da ka je wurin, ka ce mini ka yini kana auna ƙofofin mutanen da ba ka san su ba, kuma magini ba ya son taɓa gidan da bai gaisa da mai shi ba. Na ce zan ba ka labarinsu idan na huta. Bari in fara da su.

Sarkin Rum mai suna Tirajan ne ya sa aka kafa garin a shekara ta ɗari bayan haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, a gindin duwatsun Auras, a yankin da suke kira Numidiya. Wurin bakin iyakar mulkinsu ne ta kudu: bayan duwatsun akwai ƙabilun da ba su miƙa wuya sosai ba, bayan su kuma sahara. Sojojin runduna ta uku ne suka yi aikin, waɗanda daga baya babban barikinsu ya zauna a Lambaz, tsakanin Timgad da Batna inda kake aiki. Sun yanka filin murabba'i, kowane gefe wajen mita ɗari uku da hamsin, suka ja tituna miƙaƙƙu suna gitta juna kamar gidajen dara, kowane fegi daidai da ɗan'uwansa. Yawancin littattafai sun ce an yi garin ne domin tsofaffin sojoji, waɗanda suka yi shekara ashirin da biyar suna ɗaukar mashi, a ba su wurin zama su yi noma su kuma zama ido a bakin iyaka. Wasu malamai suna shakkar yawan sojojin da suka zauna a ciki da gaske. Na rubuta duka ra'ayoyin biyu, don ban isa in raba musu gardama ba.

Akwai abu ɗaya da na karanta na daɗe ban juya shafi ba. A wancan lokacin doka ba ta yarda soja ya yi aure yana bakin aiki ba, amma suna zama da matan ƙasar suna haihuwa. Idan ɗan ya girma ya shiga soja, aka zo rubuta garinsu, babu garin da za a rubuta, sai a sa masa kalma ɗaya: bariki. An sami sunaye da yawa haka a kan duwatsun Lambaz. Na tuna ranar da ka dawo daga wajen cike takardun fita a shekarar 2017, lokacin da aka yi wa marasa iƙama sassauci su tafi da kansu. Ka ce an tambaye ka garinku ka ce Karantina, mai rubutun ya ce ba wannan yake nufi ba. Ban sa wannan a cikin binciken ba. Kai nake faɗa wa.

Garin ya yi albarka. Kafin a yi shekara ɗari ya cika ya tumbatsa, suka rushe ganuwarsu da hannunsu, masu hali suka gina manyan gidaje a kan gurbinta, sababbin unguwanni suka bazu a waje ba tare da bin layi ba. Sun yi dandalin wasa mai ɗaukar mutum wajen dubu uku da ɗari biyar, da ɗakin littattafai na jama'a, da kasuwa, da gidajen wanka fiye da goma. Babbar ƙofar nan mai baki uku, wadda ka ce sawun amalanke ya ci dutsen ƙasanta har ƙafarka ta shige, tana bakin garin ta yamma. Rubutun da mai gadi ya nuna maka a daɓen dandali kuma, ma'anarsa ita ce farauta da wanka da wasa da dariya su ne rayuwa. Ka ce wanda ya rubuta shi bai taɓa kwaɓa siminti a sanyin Batna ba. Daga baya Kiristanci ya shiga garin, suka rabu gida biyu suna rigima mai zafi. A ƙarni na biyar mulkin Rum ya raunana a yankin, aka ci garin aka lalata shi. Rumawan Gabas sun zo a shekara ta 539 suka gina ƙaramin sansani a kudunsa da duwatsun da suka ciro daga gidajen mutane. Bayan zuwan Musulunci yankin labarin garin ya yi shiru, ƙasa ta rufe shi, sai wajen 1880 Faransawa suka fara tone shi.

Tambayar bincikena ƙarama ce. An raba wa mutane fegi daidai wa daida, to sun zauna a haka? Littattafan da na samu duk manyan gine-gine suke aunawa, babu wanda ya damu da ƙofar talaka. Shi ya sa na roƙe ka, kai kuma ka ba da hutunka na Juma'a, 1 ga Maris, ka hau mota kilomita talatin da biyar cikin sanyi. Tef ɗinka yana kulle a akwatin shugaban aiki, sai ka yi yadda kakanmu Malam Abduljalil ya koya maka, yadda ya gina rabin layinmu a Karantina: ka sami igiya, ka auna ta a hannunka daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsan tsakiya, ka ƙulla a kowane kamu, rabi da kwata kuma ka ninke igiyar. Ka auna dokin ƙofa talatin da bakwai. Ka kuma auna gefen fegi guda, kamu arba'in cif, ka ce in ajiye wannan don gwaji. Abin da ya fi lambobin daraja shi ne bayaninka: wannan ƙofa an tsuke ta daga baya, waccan an fasa bango an haɗa gida biyu, wannan dutse daga wani wuri aka ciro shi, maginin nan kuwa sauri yake yi, ko dai ruwa ya taso ko mai gida ya tsaya a kansa. Na ce ka auna mini hannunka da tef. Ka yi dariya ka ce tef ne ke ƙarya, hannunka bai taɓa yi ba, amma halas, shi ke nan, zuwa Juma'a mai zuwa za ka turo. Juma'ar ta zo ba ka nan.

A nan na yi kuskure, kuma gara ka ji shi daga bakina. Lokacin miƙa aiki yana matsowa, gida babu mai barci saboda kai, ni kuma ina jin kunyar a gan ni ina damuwa da lambobi. Abba ya ga halin da nake ciki, ya naɗe hannun riga ya ce kamun namiji ai kamun namiji ne, in auna nasa. Na auna, santimita arba'in da biyar. Na san bai kamata ba. Na yi lissafin da shi, na miƙa.

Ranar Lahadi, 21 ga Afrilu, malamar da ke duba aikina, Daktora Najwa, ta kira ni ofishinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe shafin ta nuna mini: kamu arba'in sau arba'in da biyar ya ba da mita goma sha takwas, alhali duk wanda ya taɓa auna fegin Timgad ya sami tsakanin ashirin da ashirin da ɗaya. Ta tambaye ni ko garin ne ya motse. Na faɗa mata gaskiya duka. Na ce to ko in raba awon littafi gida arba'in in fitar da kamunka daga nan? Ta ce wannan shi ne mutum ya kawo kansa shaida a shari'arsa. Tana son tsawon hannunka daga wani wuri da bai san Timgad ba. In babu, a cire babin. Idan kuwa aka cire shi, abin da ya rage kwafe ne daga littattafai, ba zai wuce ba a bana. Kawu, ka san da minha nake karatu, gurbin kyauta ne, kuma ba a ƙara wa mai shi shekara. Ta ba ni kwana goma.

Na bi duk abin da hannunka ya taɓa. Gidan da ka gina mana ɗaki a samansa yanzu fili ne, ko tubali babu. Tsohuwar rigarka da ke wajen Umma tela ne ya yanka ta, ba za ta yi shaida ba. Na gwada hotunan bikin Anti Hafsa, amma a duk hannunka a lanƙwashe yake kana riƙe da tire. A kwana na huɗu ne na tuna da farin yadi a shanye a saman gidanmu na Karantina, ina da shekara goma sha biyar, da kai tsaye kana ja kana ƙirgawa da ƙarfi. Na tambayi Umma. Fuskarta ta canja. Ta ce likkafanin Sitti ne, ka sayo bandir ɗin alawayyo kafin tafiyarka, ka yankar mata kamu talatin da hannunka, don ka san wanda ya fita ta waccan hanya da wuya ya dawo ya sa mahaifiyarsa a kabari. Ta ce kada in kuskura. Ɗan Sitti ya ɓata babu labari, sannan a ce mata ta buɗe likkafani? Ta ce in faɗi jarrabawa sau goma ya fi mata sauƙi. Ban yi musu ba, don na ga gaskiyarta. Na shiga ɗaki na fara rubuta wa Daktora cewa a cire babin.

Ashe bangon gidajen Khumra ba irin naku ba ne, kwali ne aka shafa wa fenti. Sitti ta ji komai. Ranar Asabar, 27 ga Afrilu, da hantsi, ta kira ni da sunan tsokanar da take kirana, 'yar lissafi, ta ce in jawo mata baƙin akwatin da ke ƙarƙashin gadonta. Shi ne abin da ta rungume a cinya ranar da motar kaya ta fitar da mu daga Karantina. Umma ta shigo da gudu tana ba ta haƙuri. Sitti ta ce mata ta yi shiru: yadin nan shekara bakwai yana kwance yana cin kafur ba ya aikin komai, gara ya yi wa jikarta aiki ɗaya kafin ya yi nata. Ta ce buɗe likkafani ba ya kiran mutuwa, rufe shi kuma ba ya korar ta, in da yana kora da ta sa masa kwaɗo biyu. Sannan ta ce, ba ta kalli kowa ba, duk gidan nan babu inda hannun Zaharadden ya rage sai cikin akwatin nan, kuma tana son ta gani.

Muka yi alwala mu duka. Na kira ƙawata Razan ta zo da wayarta ta ɗauki hoto, don Daktora za ta nemi shaida. Ban yarda da tef ɗin tela ba saboda yana miƙewa, na sa Abba ya bar mini na ƙarfe na sito, shi kuma ya fita ya ba mu wuri. Falonmu mita huɗu ne da ɗan kai, don haka muka shimfiɗa zannuwa masu tsabta, Umma da Razan suka riƙa miƙo yadin kaɗan-kaɗan ina aunawa, Sitti na naɗewa a cinyarta. Niyyata in auna tsawon gaba ɗaya in raba talatin. Sai ga abin da ban zata ba: a gefen yadin, a kowane kamu, akwai ɗan jan layi na fensirin nan naka na magina da kake maƙalawa a kunne. Sitti ta ce ranar ma sai da ta yi maka faɗa, ta ce likkafani ne ba bango ba. Ta yi dariya har da tari, ta ce ashe tun kafin a zo a fesa wa gidanta jan fenti na a tashi, ɗanta ya riga ya yi wa likkafaninta jan alama.

Na auna tazara talatin ɗin ɗaya bayan ɗaya, sau biyu. Mafi gajarta santimita hamsin da ɗigo takwas, mafi tsawo hamsin da biyu da ɗigo uku. Jimla mita goma sha biyar da santimita arba'in da biyar. Kamunka ke nan hamsin da ɗaya da rabi. Na ninka sau arba'in: mita ashirin da santimita sittin. Na maimaita a takarda, na maimaita a waya, na sa Razan ta yi nata. Sai wani tsoro ya kama ni, na ce idan an wanke yadin da zamzam bayan ka auna, ai auduga tana motsewa. Umma ta ce ita ba ta tuna wanne aka fara ba. Sitti ta ce wai wannan yarinya ko Aljanna aka ba ta sai ta tambayi faɗin ƙofa. Ta ce an wanke a Makka, an shanya a sama, sannan ka auna, in ba haka ba yaya jan fensir zai tsira daga wanki? Na karɓa, amma na rubuta a binciken cewa wannan shaidar mutum ɗaya ce tare da alamar fensir.

Da muka zo tazara ta ƙarshe, Sitti ta ɗora gwiwar hannunta a kan layi ɗaya ta miƙe yatsunta. Ba su kai ɗaya layin ba, saura kusan faɗin tafin hannu. Ta ce yaron da ta yi wa wanka a kwano ɗaya da tumatir. Ta daɗe a haka. Razan ma ta sauke wayar. Da Abba ya dawo ya ji sakamakon, Sitti ta aika Umma ta gaya masa, tunda ita ba ta yi masa magana kai tsaye, cewa ba laifinsa ba ne, Allah ne ya ba shi gajeren hannu da dogon haƙuri. Abba ya ce a gaya mata ya gode, ya karɓi rabin na biyu.

Da sabon awon lissafi ya zauna. Ƙofa ashirin da biyu daga cikin talatin da bakwai ka ba su kamu biyu da kwata, wato wajen santimita ɗari da goma sha shida, abin da ya yi kusa ƙwarai da ƙafa huɗu a ma'aunin Rumawa. Sauran goma sha biyar ba su bi wani ma'auni ba, kuma goma sha uku daga cikinsu su ne waɗanda ka ce an taɓa su daga baya. Wato idonka ya riga lissafina. Wannan aikin ɗaliba ne, ƙofofin kaɗan ne, igiya kuma ba tef ba ce, duk na rubuta haka. Amma ya nuna abin da nake zato: an ba su gidaje iri ɗaya, su kuma suka yi ta fasawa suna tsukewa suna haɗawa gwargwadon haihuwa da samu da rashi, kamar yadda kowane layi na mutane yake yi.

An yi munaƙasha, wato zaman kare binciken a gaban malamai, ranar Talata 14 ga Mayu, ƙarfe goma na safe. Malamai uku ne. Ɗaya daga cikinsu ta ɗaga hoton yadin ta tambaye ni, da ɗan murmushin da ban so ba, ko yanzu likkafani da hannun magini sun shiga jerin madogaran tarihi. Na ce mata ƙafar Rumawa da muke lissafi da ita ma daga jikin mutum sunanta ya fito, kuma na kawo awo talatin na wannan hannu, da ranar da aka yi su, da wanda ya gani. In akwai kuskure ga lambobin nan a duba. Ta duba. Ta tambayi inda maginin yake yanzu. Na ce ban sani ba. Daga nan na kasa ci gaba, Daktora Najwa ta miƙo mini ruwa ta ce yalla, a wuce tambaya ta gaba. Sunanka yana shafi na biyu, cikakke, da na kakanmu. Daktora ta ce in gaya maka, in Allah ya bayyana ka, cewa ta yi shekara goma sha tara tana koyarwa ba ta taɓa samun mai aikin fili da ya kai ka lura ba. Ga shi na gaya maka.

Kawu, ban san yadda ake gode wa mutum a kan abu irin wannan ba. Ka ba da ranar hutunka ɗaya tilo don tambayar da ko a gidanmu ana yi mini dariya a kanta. Shekara bakwai kafin haka ka yi wa mahaifiyarka wani aiki cikin baƙin ciki, da kyau, ba ka yi ha'inci ko a kamu ɗaya ba alhali babu mai duba ka, shi ne ya zo ya tsamo ni. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan Malam Abduljalil da ya koya maka, ya sa hannun nan ya ci gaba da ciyar da kai.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka ci abinci ko ba ka so. Abba yana gaishe ka, haka Mus'ab, da Anti Hafsa da mijinta Abdulgaffar, da Anti Zubaidatu mai ɗinki wadda ta ce har yanzu kantar da ka kafa mata ba ta motsa ba. Ka gaishe mana da mai gidan da ya sauke ka da mai wayar da ya ara maka, ka ce musu akwai tsohuwa a Jidda da ke sa su a addu'a ba ta san sunansu ba.

A cikin ambulan za ka ga farin zare. Sitti ce ta zare shi daga bakin yadin, ta sa na yanke shi daidai tazarar layi biyu, santimita hamsin da ɗaya da rabi. Ta ce ita ba ta yarda da waya ba. Ka ɗora hannunka a kansa. In ya yi daidai, ka yi masa irin ƙullin da kake yi wa igiyar gini, ka ba Malam Na'ibi ya dawo mata da shi. Ta ce za ta gane ƙullin.

Daktora ta koya mana mu rufe kowane aiki da abin da ba mu sani ba, kada mai karatu ya ɗauka mun san komai. Ga nawa:

Ban san ko tsofaffin sojoji nawa ne suka zauna a Timgad da gaske ba, ko sunan wanda ya tsuke ƙofarsa, ko dalilinsa.

Ban san inda mutanen garin suka nufa ba bayan an lalata shi, ko abin da kowa ya rungume a cinya. Masu tonon farko sun kwashe ƙasar sama ba su rubuta komai da kyau ba.

Ban tabbatar ɗari bisa ɗari cewa wanki ya riga awo ba.

Ba mu san abin da ya same ka ranar 5 ga Maris ko bayanta ba, ko yadda aka yi ka tashi daga Batna ka tsinci kanka a Agadas, ko nawa ka taka da ƙafa.

Ba mu san ko kana da abin rufa da abin ci ba, ko likita ya gan ka.

Kuma mai wayar bai faɗa mana wane hannu ne a naɗe ba. Da na dama ka auna. Sitti ta ce in na dama ne, kada ka wahalar da shi, ka ƙulla da haƙori, za ta jira.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yarka mai godiya,
Zakiya Abdulgani